Gardamar Masu Gyaran Waya A Jalingo

Ina sauka Jalingo, babban birnin Jihar Taraba tun 1991, sai wayata ta mutu. Na kai ta wata rumfa a bakin kasuwa, na tarar gardama ta kaure: shin kamfanonin waya ƙirƙira suke yi, ko kwaikwayo?

Wani ya kawo shari'ar Apple da Samsung kan zargin satar fasali, wadda aka fara a 2011, aka sasanta a 2018. Wani ya ce ai Tecno, Infinix da itel uwarsu ɗaya, kamfanin Transsion na ƙasar Sin.

Mai rumfar bai tanka ba. Ya buɗe cikin wayar, yana nuna wa yaronsa inda ciwon yake. To, jama'a, kamfani ya ɓoye asirinsa don riba, amma gwanin da ya ɓoye wa yaronsa, da shi za a binne sana'ar.