Wasiƙa zuwa ga 'yata mai son kyamara

Mamana,

Mahaifiyarki ta ce kin kafe sai fim ɗin gaskiya za ki yi, wanda babu 'yan wasa a cikinsa. Raina ya yi fari. Shi ya sa nake so ki san wani Ba'amurke da ya yi fice a irin wannan fim, Frederick Wiseman.

A Boston aka haife shi a 1930. Shari'a ya karanta a jami'ar Yale, har ya koyar da ita. Yakan kai ɗalibansa Bridgewater, inda jihar Massachusetts ke tsare masu laifi masu taɓin hankali, kuma abin da ya gani can ya hana shi sukuni. A 1967 ya fitar da fim a kan wurin, Titicut Follies. Mutane tsirara a ɗakunan da babu ko tabarma. Wani ana ɗura masa abinci ta hanci, likitan kuwa da sigari a baki. Kotu ta hana jama'a kallon fim ɗin, wai don rufa asirin majinyatan, kuma sai a 1991 aka ɗage haramcin. A ganina asirin hukuma aka fi son rufewa. Amma kada ki raina hujjar nan, Mamana. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba zai iya ce miki "kada ki ɗauke ni" ba, don haka mutuncinsa amana ne a wuyanki.

Daga nan ya yi fina-finai a kan makarantar sakandare, asibiti, ofishin tallafa wa talakawa, har babban ɗakin karatu na New York a 2017. A fina-finansa ba ya yi wa kowa tambaya, ba ya ɗora muryar mai bayani. Shi ke riƙe da na'urar ɗaukar magana, ya yi makonni yana saurare, sannan ya kwashe watanni yana tace hotunan. Near Death na 1989, a kan majinyatan da ke gaɓar mutuwa, ya kusa awa 6. A 2016 aka ba shi Oscar na girmamawa.

Ke kuma na san ki da saurin baki tun kina ƙarama. Idan kin shiga wurin mutane, ki gaishe su, ki nemi izininsu, ki bar su su gama magana kafin ki kashe kyamara. Ki nemi fim ɗinsa Hospital na 1970 ki kalla, in kin zo hutu mu zauna a kansa.

Allah Ya yi miki albarka.

Naki,
Babanki