Sarƙar Inna da Fuskar Yaya

Na san da yawanku ci gaban labari kuke jira, to ku yi mini afuwa, yau ba ƙirƙira zan yi ba. Wani abu ne ya faru a gidanmu ya tsaya mini a rai, kuma sai da na nemi izinin mai shi kafin in ɗauki alƙalami, bisa sharaɗin ba zan kama suna ba.

Yayata ce, 'yar wan mahaifina, ɗaki ɗaya muka tashi a hannun kakarmu da muke kira Inna. Shekarunta 49, 'ya'ya shida, jikoki biyu. Wata Laraba bayan la'asar ta faɗo mini gida ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta zube a kujera, ta ciro wani ƙullin hankici ta ajiye a gabana. Ina kwancewa gabana ya faɗi, domin sarƙar gwal ɗin Inna ce da 'yan kunnenta, wadda ta sayo a Makka a hajjinta na farko, Allah Ya jiƙanta.

"Gobe za ki raka ni mu sayar," ta ce. "Alhaji aure zai ƙara, saura sati uku. Yarinyar sa'ar babbar 'yata ce."

Kafin in ce wani abu ta miƙo mini waya. Tallan wani gidan kwalliya ne a Abuja, ana goga wa wata mata wani abu kamar kan dutsen guga a muƙamuƙi, an rubuta HIFU da manyan baƙaƙe, wai tiyata ce ba wuƙa, cikin awa ɗaya a cire wa mace shekara goma daga fuskarta. Na ce, "Haba Yaya, kin yarda da wannan?" Sai ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ba ke kika rubuta ba? Hajiyar nan ta littafinki da ta tafi Dubai ta dawo mijinta bai gane ta ba?"

Wallahi jama'a bakina mutuwa ya yi. Ni na rubuta, kuma ranar da na rubuta ban san komai a kan abin ba, daɗin labari kawai na bi. Na roƙe ta kwana biyu, na karɓe sarƙar na kulle a durowa, washegari na ja ta muka je wurin wata likitar fata da na daɗe da sani. Abin da ta warware mana shi zan ba ku, iya yadda na fahimta.

Ta ce fata tana tsaye ne da wani abu mai kama da zare da ake kira kolajin. Tun mutum yana shekara ashirin da wani abu yake fara raguwa kaɗan-kaɗan, idan kuma al'ada ta ɗauke wa mace, a shekaru 5 na farko tana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 nasa. Daga nan kumatu su fara zubowa, ƙasan haɓa ya saki, gira ta sauko.

Shi wannan HIFU ɗin sauti ne, dangin wanda ake yi wa masu ciki sikanin da shi, sai dai an tattara ƙarfinsa a ɗigo ɗaya. Ta ce mu tuna yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda. Sautin yana ratsa saman fata ba tare da ya ƙona ta ba, sai ya je zurfin milimita 1.5, ko 3, ko 4.5, nan ne yake haɗuwa ya yi zafin digiri 60 zuwa 70, ya bar 'yan ƙananan ƙuna jere a ciki. Wannan zurfin na 4.5 shi ne inda wata tantanin da ke riƙe naman fuska take, wadda masu tiyata ke jawowa da hannu. Jiki idan ya ji an ƙona shi sai ya shiga gyara, ya saƙa sabon kolajin, to gyaran nan shi ne ke ɗan ɗame fatar. Mafi shahara a cikin na'urorin ita ce Ultherapy, hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 2009 domin ɗaga gira, a 2012 ta ƙara da wuya da ƙasan haɓa, a 2014 kuma tamojin ƙirji. Ita tana nuna wa mai aikin hoton cikin fata kafin ya harba, abin da yawancin masu arhar nan ba sa yi. Ashe ma da irin wannan sautin ake ƙona ƙarin mahaifa a wasu asibitocin duniya tun wajen 2004, ba a fasa ciki ba. Wannan ya fi ba ni mamaki a kan batun kwalliyar.

Yaya ta gyara zama ta ce, "To Likita, kwana nawa zan ga canji?"

"Wata biyu zuwa uku, Hajiya. Wasu sai wata shida. Kuma canjin ɗan kaɗan ne, irin wanda za a ce kin huta, ba za a ce kin koma budurwa ba. Bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi sai an sake."

Na ga kafaɗun Yaya sun sauka. Sati uku take da shi.

Likitar ba ta tsaya nan ba. Ta ce akwai zafi, musamman inda ƙashi yake kusa, a kan yi kumburi na 'yan kwanaki, wani lokaci a taɓa jijiya gefen leɓe ya mutu na wasu makonni. Mai siririyar fuska kuma idan aka yi ganganci zafin yana narka ɗan kitsen da ya rage mata, ta fito ta fi da tsufa. Shi ya sa hannun mai aikin ya fi sunan na'urar muhimmanci, ga shi yanzu kowane shagon gyaran jiki ya sayo tasa ya kafa allo.

Na tambaye ta sauran hanyoyin, don a lokacin marubuciyar cikina ta farka. Akwai na igiyar rediyo, wanda ya girmi na sautin, Thermage ta samu amincewar FDA tun 2002. Shi ba ya ɗiga zafi a wuri ɗaya, ɗumama faɗin fatar yake yi gaba ɗaya yana sanyaya samanta, don haka ya fi dacewa da fata mai laushi da ƙananan tamoji, amma bai kai na sautin nutso ba, kuma shi ma watanni ake jira. Abin da ya haɗa su biyun, wanda ya shafe mu mu baƙaƙe, shi ne ba ruwansu da launi. Hasken leza kuwa, musamman mai saɓule saman fata, yana iya bar wa baƙar fata baƙin tabo da zai yi watanni bai tafi ba.

Allurar Botox, wadda na sha sa wa matan masu kuɗi a littafi, ashe ba ta ɗame komai. Tsokar da ke tattare goshi take kwantarwa, wata uku zuwa huɗu ta sake. Allurar ciko kuma rami take cikewa, kumatun da suka lotsa su taso nan take. Su biyun za su iya nuna kansu cikin sati uku, amma ba su ne maganin abin da ke damun Yaya ba. Sai zare da ake curawa ƙarƙashin fata a ja ta sama, irin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa cikin wata shida ko fiye, ana ganin aikinsa da wuri, sai dai yakan bar ƙurji ko lotsawa idan aka saka shi ba daidai ba. Wanda ke cire shekara goman da gaske ita ce tiyatar kanta, a yanka ta gaban kunne a ja a ɗinke, tana kaiwa kusan shekara goma, ga kuɗi, ga haɗarin allurar barci, ga mu kuma da yawan yin tabo mai tudu irin wanda ke fito wa wasu bayan hudar kunne.

Dilka da halawa da kurkum kuwa, da muka gada daga mutanen Sudan da Barno, dariya ta yi ta ce ita ma tana yi. Suna goge dattin sama su sa sheƙi da santsi, iyakarsu ke nan.

Sai ta kunna fitila ta haska fuskar Yaya, ta ɗan ja fatar kuncinta da yatsu biyu, ta yi shiru. Ta ce, "Hajiya, wane mai kike shafawa?" Yaya ta sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya tana shafa haɗin wata mata, ni kaina na sani, ban taɓa cewa uffan ba don ina ganin ta yi kyau. Likitar ta ce irin waɗannan haɗe-haɗen galibi akwai sinadarin siteroid a ciki, aikinsa shi ne hana fata saƙa kolajin, shi ya sa ta yi sirara har jijiyoyi ke nunawa. Wato abin da Yaya za ta sayar da gwal don a tayar, shi take kashewa kullum da daddare da hannunta. Ta ce ko an kawo mata kuɗin ba za ta bari a ɗora wa fatar nan zafi ba sai ta farfaɗo, kuma ba a yanke man lokaci ɗaya, sai a hankali, in ba haka ba fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje.

A cikin adaidaita sahu muna dawowa Yaya ba ta ce da ni komai ba sai da muka kusa gida. Ta ce, "Ke a littattafanki kowace jaruma fara ce sol. Kin taɓa rubuta baƙa an so ta?" Na yi ta lissafi a raina. Littafi goma sha huɗu, sau ɗaya na yi, ita ma a kashi na biyu na haskaka ta.

Batun halacci ko haramcin waɗannan gyare-gyare fagen malamai ne, na bar musu. An ɗaura auren Alhaji a ranar da aka sa. Ranar da aka kawo amarya fuskar Yaya ta fara komawa launinta na asali, dabbare-dabbare, da 'yan ƙuraje a goshi, hoda ma ba ta rufe su duka ba. Ta yi kuka a banɗaki, na ji ta, sannan ta wanke ido ta fito ta karɓi baƙi da sarƙar Inna a wuyanta.

Yanzu wata biyar ke nan. Fatar ta fara kauri, kuma ba ta haƙura da na sautin ba, ta shiga adashi, ta ce idan ta kwasa za ta koma wurin likitar a duba ko ƙasan haɓarta zai karɓa. Ni kuma littafin da nake kai akwai babin da uwargida za ta hau jirgi ta dawo yarinya ɗanya. Shafi tara ne, na yage su, har yau ban san abin da zan sa a gurbinsu ba.