Hawan Tudu Bisa Tebur

A zangon karatun da ya wuce aka ba mu aron ɗan jirgin ƙasa na wasa, ƙirar Ingila, wanda kowane abu nasa kashi 1 ne cikin 76 na jirgin gaske, domin mu koya wa yara lissafi da shi ranar gwajin koyarwa. Teburinmu ƙafa 8 ne a tsawo, ƙafa 4 a faɗi. Muka ce ba ma shimfiɗa dogo a kwance kamar tabarma ba, sai mun sa wata hanya ta hau ta ƙetare 'yar'uwarta bisa gada.

Muka auna taragon da ya fi tashi sama, muka ƙara kaurin katakon gada, muka ga inci 3 muke bukata. Don gaggawa muka ci incin nan 3 cikin ƙafa 3, watau hawan 1 cikin 12. Da muka saki jirgi da tarago 4, ya kai rabin hawa ya tsaya, ƙafafunsa na ta juyawa wuri guda. Ba ƙarfi ya rasa ba, ƙarfe bisa ƙarfe ne ke da santsi. Ashe ko tudun Lickey, kusa da Birmingham, inda aka buɗe dogo a 1840, misalin 1 cikin 38 ne kurum, duk da haka a zamanin jirgin gawayi sai wani kan jirgi ya tura daga baya. Mu kuwa mun ɗora wa namu abin da ya riɓanya wannan sau uku!

Sa'an nan muka koma ga allo, inda ya kamata mu fara tun fari. In ana son 1 cikin 40, inci 3 yana cin inci 120, watau ƙafa 10, sauka kuma wata ƙafa 10. Tebur ba ya ɗauka sai hawan ya bi kwana, kwana kuwa ƙara wa jirgi nauyin ja take yi. Kwana biyu muna gardama, har wani daga cikinmu ya ce a raba wahalar biyu. Muka ɗaga tasha inci 1½ bisa guntayen katako, hanya guda ta hau inci 1½, ɗayar ta gangara inci 1½, kowace ta ishe ta da ƙafa 5.

Abin da ya fi ba mu wuya gindin tudu ne. In hawa ya fara farat ɗaya, maƙalan taragu kan rabu, saboda haka muka yi ta fiƙe katako har ya tashi sannu sannu, muka yi wa ƙwanƙolin haka nan.

Ranar gwaji jirgi ya hau da tarago 6, yara suka auna da kansu, suka fitar da 1 cikin 40. Wani yaro ya roƙa a ƙara na bakwai, muka ƙara, ya tsaya taki ɗaya kafin gada, mai dubawa yana kallo.