Ɗakin da Ba Shi da Zaure

Lokacin da nake karatun digiri na biyu, na kama hayar ɗaki guda a wani gidan haya na ɗalibai. Wani dare, wajen ƙarfe biyu, aka daki ƙofata da gindin bindiga. Kafin in lalubo riga, 'yan sanda uku sun faɗo ciki, suka ɗaga katifa, suka zazzage akwatin littattafaina. Babu sallama, babu takarda. Ko tsinke ba su ɗauka ba, amma a zaune na kwana.

A gidan da na tashi, baƙo a zaure yake tsayawa. Ya yi sallama, a aiki yaro, maigida ya fito. Tsakanin titi da cikin gida akwai zaure da ƙofar gida da shigifa, wani lokaci har da rubutun "Ba shiga" a bango. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta kafa wannan ladabi a kan addini. Ɗan haya kuwa, ƙyaure da labule ne kaɗai iyakarsa, shi ya sa na ɗauka ba ni da bakin magana.

Ashe ina da shi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na mazauninsa, bai kuwa ce sai wanda ya mallaki ginin ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irinta, ta tanadi takardar izinin bincike daga hannun alƙali. Ko da wanda ake nema ne ya shige gida, sai jami'i ya bayyana ikonsa da abin da ya kawo shi, an hana shi shiga, kafin ya karya ƙofa. Idan ɗakin matar kulle ne, sai an sanar da ita, an ba ta damar kaucewa.

A nan ne aikinmu na masu nazarin harshe ya shigo. A kunnen Bahaushe, "gida" na maigida ne. Ɗan haya "ɗaki" gare shi. Duk wanda ya fassara sashen nan da "gida" kawai, ya bar ɗalibi da ɗan ci-rani suna zaton ba da su ake ba. "Mazauni" ta fi tattaro su. A daren nan tsoro ya kama ni, gaskiya ne, amma abin da ya hana ni tambayar takarda shi ne ban san cewa ɗakina ma yana cikin lissafi ba.