Bidiyon albasa, saura kiɗa

Litinin, 3 ga Fabrairu, Madawa
Haɗin hotuna ya kammala: ciran albasa, buhuna jere a bakin titi, lodin manyan motoci. Saura kiɗa. 'Yan ƙungiyarmu kowa Shata yake so.

Talata, 4
Ƙanena ya ce bidiyon auren abokinsa, ana ɗorawa aka kashe sautin. Na'ura ce ke saurare, tana gwada kowane sauti da wanda masu waƙa suka yi wa rajista. Ko a toshe, ko kuɗin talla ya koma wurinsu. Rubuta sunan mawaƙi a ƙasa ba izini ba ne.

Alhamis, 6
Shata ya rasu a 1999, amma dokar Najeriya tana tsare waƙa shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Sai magada. Wanda ya naɗi faifan ma haƙƙinsa daban. Izini biyu ke nan. Wa na sani a Funtuwa?
Namu ofishin haƙƙin mallaka, BNDA, a Yamai yake. Sakatare zai je, na ba shi tambayoyi a takarda.

Asabar, 8, Buza
Kwarin Majiya. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska. Na ɗauki muryoyin masu ban ruwa, da yardarsu. Rezo babu. Rai fes.

Lahadi, 9
Kiɗan kyauta na YouTube. Wasu sai da sunan mai su, wasu ba sharaɗin haka. Na ɗora fiyano kan albasa, mata suka yi ta dariya. Cirewa.

Laraba, 12, Keita
Wurin tsoho mai gurmi. Na karanta masa takardar yarjejeniya: sunansa a bidiyo, ladansa a hannu, wannan aiki kaɗai.
"Ɗana, in ya kawo kuɗi fa?"
"Baba, sai mu rubuta kasonka."
Ya ce wani kiɗan nasa ne, wani gadon ubansa. Dokarmu ta 2010 har kayan gargajiya ta haɗa. Na roƙi nasa na kansa.

Alhamis, 13
Ba wuta. Ba labarin sakatare.

Juma'a, 14
Farashin buhu ya sake sauka. Shugaba na son a ɗora kafin Litinin, ko da Shata ne. Na ce a dakata. Takardar na hannun ɗan Baba mai gurmi, wai sai malaminsu ya duba. Gobe in sake kira.