Sharaɗin da Ya Zaunar da Russell Wilson a Benci

Yau zan ja ku zuwa wani fage da yawancinmu ba mu cika leƙawa ba, wato ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a zura da gudu, ƙarti sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Wanda bai san dokokin wasan ba kada ya ja da baya, domin labarin da zan bayar yawancinsa a ofis ya faru, tsakanin lauyoyi da masu lissafi.

Babbar gasarsu ita ake kira NFL, tana da ƙungiyoyi 32. A watan Maris na 2022 ɗaya daga cikinsu, Denver Broncos, ta ɗauko wani ɗan wasa mai suna Russell Wilson daga Seattle Seahawks. Matsayinsa shi ne kwatabak, wato wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi zai duba fili ya yanke wanda zai jefa wa. Ƙungiyar da ba ta da gwani a wannan gurbi tamkar mota ce ba direba, kuma Broncos ta yi shekaru tana canza direbobi tun bayan da Peyton Manning ya yi ritaya. Shi kuwa Wilson sun san shi farin sani, don shi ne ya jagoranci Seattle ta lallasa su da ci 43 da 8 a wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2014.

A can ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a Ingila ko Sifaniya ba, musaya ake yi. Kowace shekara ƙungiyoyi kan bi layi su zaɓi matasa daga jami'o'i har zagaye bakwai, kuma gurbin layin nan shi kansa haja ne. Broncos ta ba da gurbi biyu na zagayen farko, biyu na zagaye na biyu, ɗaya na zagaye na biyar, ta haɗa da 'yan wasa uku: Drew Lock da Noah Fant da Shelby Harris. Wato ta jinginar da gobenta ke nan. Sannan a farkon Satumba, tun mutumin bai buga musu wasan gasa ko ɗaya ba, sai suka ƙara masa kwantiragin shekara biyar. Jaridu suka buga cewa dala miliyan 245 ne. Lokacin bai fi wata guda ba da iyalan Walton, masu kantunan Walmart, suka sayi ƙungiyar a kan dala biliyan 4.65, kun ga kuwa kuɗi ba shi ne matsalarsu ba.

Ku riƙe wannan: yana da sauran shekara biyu a tsohon kwantiraginsa, don haka sabuwar shekara biyar ɗin sai 2024 za ta fara ƙirguwa. An sallame shi a Maris na 2024. Bai buga ko minti ɗaya a cikin shekarun da aka yi ta yayata miliyan 245 a kansu ba.

Mu da muka saba da ƙwallon Turai abin zai ɗaure mana kai. Idan Manchester United ta ba ɗan wasa shekara biyar, ko wasansa ya lalace sai ta biya shi, ko ta lallaɓa shi a yi sulhu. A NFL ba haka ba ne. Lambar da ake sanarwa buri ce kawai. Kuɗin gaskiya shi ne wanda aka rubuta an lamunce, saura kuwa ƙungiya na iya yaga takardar duk ranar da ta ga dama. Lamunin ma hawa-hawa ne. Akwai wanda ya tabbata tun ranar sa hannu, komai ya faru. Akwai wanda ba ya aiki sai idan rauni ne ya hana mutum wasa. Akwai kuma wanda yake jiran wata rana a kalanda, idan ta zo kana cikin ƙungiya ya tabbata, idan an kore ka jajibirinta shi ke nan. A takardar Wilson, abin da ya tabbata tun farko miliyan 124 ne.

Dalilin duk wannan ƙulle-ƙullen shi ne rufin albashi. Tun 1994 gasar take ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe wa 'yan wasanta a shekara, mai kuɗi da talaka duk ɗaya. A 2024 rufin ya tsaya a dala miliyan 255.4. To ni diplomata a fannin akanta na yi ta, kuma a nan ne labarin ya kama ni. A aji an koya mana cewa idan kamfani ya sayi inji, ba a ɗora kuɗinsa duka a littafin shekara ɗaya, ana raba shi ne a kan shekarun da zai yi yana aiki. Haka NFL take yi da ɗan Adam. Kuɗin kafin alƙalami da aka ba Wilson miliyan 50 ne, ya karɓe abinsa, amma a littafin rufin albashi sai aka yanka shi gida biyar, miliyan goma-goma. Muddin yana nan, lafiya lau. Ranar da aka sallame shi kuwa, duk ragowar da aka tura gaba sai ta rufto a lokaci guda, ta haɗu da sauran abin da aka lamunce masa. Wannan shi suke kira mataccen kuɗi: gurbi ne a littafi da mutumin da ba ya nan ya cinye, ba dama a ɗauki wani da shi.

A fili abin bai yi kyau ba. Kakar 2022 Broncos ta ci wasa 5 ta sha kashi a 12, aka kori koci Nathaniel Hackett tun kakar ba ta ƙare ba. Aka kawo Sean Payton, tsohon hannu wanda ya taɓa cin kofi da New Orleans Saints, kuma kowa ya ga jininsu bai haɗu da Wilson ba. Duk da haka 2023 ta fi dama-dama. Bayan mummunan farawa, ranar 29 ga Oktoba suka doke Kansas City Chiefs da ci 24 da 9, ƙungiyar da ta yi wasa 16 a jere tana cin su.

A cewar Wilson, a hutun da ya biyo bayan wannan nasara ne shugabannin ƙungiya suka tunkare shi. Akwai wani sharaɗi a takardarsa: albashin 2025, dala miliyan 37, an lamunce shi idan ya ji rauni, kuma zai tabbata gaba ɗaya idan ya kai tsakiyar Maris na 2024 yana ƙungiyar. Ya ce an nemi ya yarda a ɗage wannan lamuni, in ba haka ba a ajiye shi a benci. Ya ƙi. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta shiga maganar. Ya ci gaba da buga wasa har zuwa ƙarshen Disamba, sannan ana saura wasa biyu kaka ta ƙare aka zaunar da shi. Payton ya ce shi neman abin da zai farfaɗo da 'yan gaba yake yi. Babban manaja George Paton daga baya ya amsa cewa sun yi magana da wakilin Wilson kan gyara kwantiragi, amma ya ce zaman benci shawarar koci ce, ba ta da alaƙa da wancan.

Kowa ya ɗauki wanda ya gamsar da shi. Ni dai lissafin nake kallo. Da Wilson ya shiga waɗannan wasanni biyu wani ƙato ya murɗe masa gwiwa, ya kasa tsallake gwajin likita a Maris, da miliyan 37 ta hau kan ƙungiya ko tana so ko ba ta so. Sharaɗin da wakilinsa ya saka don ya kare shi daga rauni, shi ne ya mayar da lafiyarsa abin da ƙungiya ke tsoron taɓawa. Garkuwar tasa ce ta yi nauyin da aka ce ya koma gefe ya zauna da ita. Kuma ba a kansa aka fara ba. Shekara guda kafin nan Las Vegas Raiders ta yi wa Derek Carr irin wannan, ita ma ana saura wasa biyu, ita ma saboda lamunin rauni, ta sallame shi a Fabrairu. Abin dariyar, wanda aka saka a gurbin Carr shi ne Jarrett Stidham, wanda aka saka a gurbin Wilson ma Jarrett Stidham ne. Bawan Allah ya zama kamar mai gadin da ake kira duk lokacin da za a kulle shago.

Ranar 4 ga Maris 2024 Broncos ta sanar za ta rabu da shi. Mataccen kuɗin ya kama dala miliyan 85, wanda ba a taɓa ganin irinsa a tarihin gasar ba zuwa lokacin. Doka ta ba su dama suka raba shi biyu, miliyan 53 a 2024, miliyan 32 a 2025. Ku auna 53 da rufin 255.4, sama da kashi ɗaya cikin biyar ke nan na kuɗin ƙungiya gaba ɗaya, a kan mutumin da ya kwashe kayansa. Albashinsa na 2024, miliyan 39, ya riga ya tabbata. Sai ya tafi Pittsburgh Steelers ya karɓi mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a ba tsohon ɗan wasa irinsa, miliyan 1.21, domin duk abin da Steelers ta ba shi za a cire ne daga bashin Broncos. Me zai sa ya sauƙaƙa musu? Ya buga wa Steelers, Broncos na biyan kusan duka.

Ban ce ku tausaya wa Wilson ba. Wasa 30 ya buga musu, ya ci 11, ya tafi da miliyan 124. Inda nake ganin laifin ƙungiya shi ne, idan har maganarsa gaskiya ce, ba daidai ba ne ka sa hannu a kan sharaɗi da rana tsaka, sannan da ka ga zai cije ka, ka riƙe aikin mutum a hannu ka ce ya yafe. Magoya baya sun fi zagin ɗan wasan saboda shi suke gani a talabijin. Wanda ya ƙulla cinikin kuwa, George Paton, yana nan a kujerarsa bayan tafiyar Wilson.

Masu ban tausayin suna can ƙasan takarda. Kowace ƙungiya tana shiga sansanin horo da mutum 90, a ƙarshen Agusta kuma dole ta rage su zuwa 53. Mutum 37 sau ƙungiya 32, ya kama 1,184, duk a 'yan kwanaki. Akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan a ranar, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce koci na kira, a taho da littafin dabarun wasa. Duk wanda ya ji a taho da littafi ya san ta ƙare. Yawancinsu babu lamuni a takardarsu sai ɗan abin da ba a rasa ba, ko da kuwa an rubuta shekara uku a samanta. Mai sa'a a dawo da shi rukunin 'yan atisaye, mutum 16 a kowace ƙungiya, inda a 2024 sabon shiga ke karɓar dala 12,500 a mako. Kuɗi ne mai kauri idan aka juya shi zuwa naira, amma na mako-mako ne, ana iya tsayar da shi ranar Talata mai zuwa, kuma da jikinsa yake biya. Har ɗan ƙasarmu ya bi ta wannan ƙofa: Roy Mbaeteka, wanda New York Giants ta ɗauka a Afrilun 2022 ta hannun shirin Osi Umenyiora na zaƙulo matasa a Nijeriya, bai shiga cikin 53 ɗin ba da Agusta ta zo.

Wannan ɓangaren na san ɗanɗanonsa, ko da yake a ƙaramin ma'auni. Bayan na gama makaranta na yi aikin kwantiragi a wani kamfani. A shafin farko an rubuta shekara ɗaya da manyan baƙaƙe, a shafi na uku kuma an ce suna iya sallamar mutum da sanarwar mako guda. Da ciniki ya ja baya, shafi na uku aka karanta mana. Wanda ya miƙa mana takardun har haƙuri ya ba mu, kuma na yarda har zuciyarsa ne, shi ma aiko shi aka yi. Abin da ya bambanta ni da Wilson shi ne shi yana da wakilin da ya zauna ya yi ja-in-ja a kan shafi na ukun tun kafin a sa hannu, yana kuma da hajar da ake rububi a lokacin. Mai neman shiga cikin 53 ba shi da bakin cewa a ƙara masa layi ɗaya.

'Yan wasan suna da ƙungiyar ƙwadago, kuma yarjejeniyar da suka ƙulla da masu ƙungiyoyi a 2020 za ta kai har kakar 2030. Ta ba su kusan kashi 48 cikin ɗari na kuɗin shiga, amma ba ta tilasta a lamunce kwantiragi gaba ɗaya ba, kowa da abin da bakinsa ya yanka masa. Jefi-jefi wani kan samu. Kirk Cousins ya samu miliyan 84 cif a hannun Minnesota Vikings a 2018, Deshaun Watson ya samu miliyan 230 a Cleveland Browns a 2022, kuma yadda na Watson ya kwaɓe ya ƙara wa masu ƙungiyoyi hujjar ƙin maimaitawa.

Ita kuwa Broncos, a Afrilun 2024 ta zaɓi wani matashi Bo Nix a lamba ta 12. Albashin sabon shiga ƙayyadadde ne kuma mai sauƙi, shi ya ba ta damar ɗaukar nauyin mataccen kuɗin ba tare da ta durƙushe ba. Ta ci wasa 10 a cikin 17, ta kai zagayen fitar da gwani karon farko tun kakar 2015. A 2025, lokacin da take sauke ragowar miliyan 32 daga littafinta, Wilson ya riga ya bar Pittsburgh ya koma New York Giants a kan kwantiragin shekara ɗaya. Wasa uku ya fara musu, aka ba wani sabon yaro, Jaxson Dart, gurbinsa.