Bin Sawun Gada a Duwatsun Ningi

A hutun hunturu muka je wani ƙauye a gindin duwatsun Ningi, jihar Bauci, inda wani tsohon maharbi ya yarda mu raka shi daji da asuba. Kwari da baka ya rataya. Bindiga, in ji shi, surutu gare ta.

Rana ba ta gama fitowa ba ya ɗana kibiya, ya yi bismilla, ya saki. Gada ta yi tsalle ta faɗa cikin sabara. Muka zabura za mu bi, ya daka mana tsawa.

"Baba, za ta tsere fa!"

"Ku zauna. In kun kore ta yanzu, sai ta yi nisa. In kun ƙyale ta, kusa za ta kwanta."

Muka zauna kusan rabin awa, sanyi yana ratsa mu. Sannan ya nuna mana jini a kan ciyawa, ja wur mai kumfa, alamar kibiya ta taɓa huhu. Da baƙi-baƙi ne, da hanta ce, kuma jiran sai ya fi haka. A kan fā sawu ya ɓace. Tsohon ya tsuguna yana duban inda tururuwa suka taru, ashe ɗigon jini suke ci. Hankalinsa ya tashi, domin gadar da ta kwana da rauni ta sha wahalar banza, naman kuma ya zama rabon kura.

Da hantsi muka same ta ƙarƙashin tsamiya, bakin wani busasshen rafi, tana sauran numfashi. Ya fuskantar da ita alƙibla, ya zaro wuƙa.